Mai Magana da Yawun Tauraro: Sana'a Ce ko Barantaka?

Sharhinmu na yau ya shafi wani aiki da matasa da dama ke yi ba tare da sun ɗauke shi sana'a ba, wato tsaya wa ɗan fim ko mawaƙi a gaban 'yan jarida da sauran jama'a. Shi ne mai shirya masa hira, mai rubuta sanarwarsa, mai yayata sabon aikinsa, kuma shi ake nema da tsakar dare idan wata magana ta ɓalle. A ma'aikatu da manyan kamfanoni ana ce masa jami'in hulɗa da jama'a, yana da ofis, yana da albashi. A Kannywood da fagen waƙar Hausa kuwa, galibi ɗaya ne daga cikin yaran gidan jarumi, wanda Allah ya hore masa iya latsa waya, ana sallamarsa da kuɗin data da ɗinkin sallah. Abin da nake so in tabbatar shi ne, wannan aiki ba zai zama sana'ar da za ta riƙe mutum ba sai mai yin sa ya tsaya da ƙafarsa, domin hajar da yake sayarwa guda biyu ce tak: yardar da 'yan jarida suka yi da maganarsa, da ikon ce wa tauraro a'a. Duka biyun kuwa bara ba ya mallakar su.

Yana da kyau mu san yadda sana'ar ta samo asali a inda ta fi ƙarfi, wato Amurka. A zamanin da manyan kamfanonin Hollywood ke riƙe da komai, jarumi ma'aikacin kamfani ne, kuma kowane kamfani yana da sashen yaɗa labarai wanda ke yanke abin da duniya za ta ji game da shi. A 1948 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Paramount, wadda ta raba kamfanonin da gidajen sinimarsu, daga nan tsarin ya fara rushewa, jarumai suka koma cin gashin kansu. Jarumin da ba shi da kamfanin da zai kare sunansa dole ya ɗauki wanda zai yi masa, ya biya shi daga aljihunsa. A cikin wannan yanayi ne Henry Rogers da Warren Cowan suka kafa kamfaninsu a 1950, wanda ya zama uba a wannan fage. Irin wannan sauyi ya same mu, ko da yake ta wata hanya dabam. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 har zuwa shekarun da kasuwar Ƙofar Wambai da Bata ke tashe, tallar fim tana hannun furodusa da 'yan kasuwa: fosta a jikin bango, tirela a farkon kaset, sai kuma mujallu irin su Tauraruwa da Fim. Satar fasaha da wayar hannu suka karya kasuwar faifai, harka ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Yau kusan kowane jarumi da kowane mawaƙi kamfanin kansa ne, da tasharsa da shafinsa. Gurbin da ya haifar da sana'ar a can ya buɗe a nan, amma har yanzu ana cike shi da ƙane ko aboki.

To mene ne aikin kansa? Mutane suna haɗa shi da na manaja, alhali manaja ciniki yake yi, shi ke tsayar da farashin wasa, shi ke karɓar kafin alƙalami. Suna kuma haɗa shi da talla, alhali talla fili ne da ake saya da kuɗi. Shi wannan aikinsa ya sa a yi maganar maigidansa a inda kuɗi ba ya sayen magana. A ce saura makonni shida a saki fim mai dogon zango. Ƙwararre zai zauna ya kalli fim ɗin tukuna, ya nemo abin da ya isa zama labari a cikinsa, domin ɗan jarida ba ya buga cewa wane ya yi sabon fim, kowa ma yana yi. Idan labarin ya taɓo rikicin gado, to ga ƙofar shiga shirin rediyo na zamantakewa. Idan a wani ƙauye aka ɗauke shi da mutanen garin, ga labarin da jarida kamar Aminiya za ta so. Sai ya tanadi taƙaitaccen bayani shafi ɗaya da Hausa mai kyau da Turanci mai kyau, da hotuna masu haske waɗanda aka rubuta sunan kowa a ƙarƙashinsu daidai, da lambar wayar da idan an kira za a ɗauka. Ya san wane edita ne ke rufe shafinsa ranar Laraba, ya san wace mai gabatar da shiri ce ba ta son a turo mata tambayoyi. Kafin hira kuma zai zaunar da jarumin ya yi masa tambayar da ya fi tsoro, ya saurari amsar, ya ce masa wannan ba ta yi ba, sake. Kaso mafi yawa na aikin ke nan, kuma babu ɗaukar hoto da tauraro a cikinsa.

Wannan kalma ta “sake” ita ce ke buƙatar 'yanci. A al'adarmu mun san sanƙira, wanda ke tsaye kusa da makaɗi yana ɗaga maganarsa yana ƙara mata gishiri. Aikinsa yana da kyau a muhallinsa, amma sanƙira bai taɓa tsayar da kiɗa ya ce wa makaɗi wannan baitin zai jawo mana fitina ba. Yaron da ke kwana a gidan jarumi, yake ci a tukunyarsa, haka yake, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Misalin da masu wannan sana'a suka fi kawowa shi ne na jarumin Hollywood Tom Cruise. Shekara goma sha huɗu wata ƙwararriya mai suna Pat Kingsley tana riƙe da hulɗarsa da 'yan jarida, tana tsare abin da zai faɗa da inda zai faɗe shi. A 2004 ya sallame ta ya ɗora 'yar uwarsa ta jini. A shekarar da ta biyo baya ya hau kan kujera yana tsalle a shirin Oprah Winfrey, ya kuma yi sa-in-sa da wani mai gabatar da shirin safe a kan magungunan taɓin hankali, ya zama abin ba'a. Kafin 2005 ta ƙare ya koma hannun kamfanin Rogers da Cowan, amma a watan Agustan 2006 Paramount ta yanke hulɗar shekara goma sha huɗu da shi, shugaban kamfanin da ya mallake ta, Sumner Redstone, ya fito fili ya ce halayyarsa ce dalili. Ba wai ɗan uwa ba ya iya aiki ba. Mahaifiyar mawaƙi Burna Boy, Bose Ogulu, ita ce manajarsa, kuma uwa ta fi kowa iya tsawatawa. Abin dubawa shi ne ko mai ba da shawarar zai iya faɗin gaskiya ya kwana lafiya. Wanda yake da mutum biyar da yake yi wa aiki zai iya, domin fushin ɗaya ba zai hana shi cefane ba.

A gida ma muna da darasi mai tsada. A watan Yulin 2016 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar gina dandalin shirya finafinai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano, aikin da aka ƙiyasta zai ci kimanin naira biliyan uku. Cikin 'yan kwanaki malamai suka yi ca a kan mumbari, kafafen sada zumunta suka ɗauka, gwamnati ta janye. Ko mutum yana goyon bayan aikin ko yana adawa da shi, zai yarda cewa jama'a sun fara jin bayaninsa ne daga bakin masu sukarsa. Da akwai masu wannan sana'a a masana'antar, da tun kafin sanarwa an kai wa malamai da masu unguwanni ziyara, an nuna musu zanen ginin, an gaya musu kafinta nawa da tela nawa da direba nawa za su ci abinci, an kuma saurari abin da suke tsoro. Wataƙila duk da haka su ƙi. Amma da an yi muhawara, maimakon abin da aka gani, inda ɓangare ɗaya ke magana ɗayan kuma kowa na mayar da martani da zafin ransa. Masana'antar da ke aiki a ƙarƙashin idon hukumar tace finafinai ta Kano tun 2001, wadda abin kunya guda a 2007 ya jawo aka dakatar da aikinta baki ɗaya na tsawon watanni, ta fi Hollywood buƙatar masu iya magana da al'umma.

Yanzu sai mu saurari masu ja. Na farko zai ce, ai zamanin ɗan tsakani ya wuce. Jarumar da ke da mabiya miliyoyi a Instagram ta fi kowace jarida yawan masu karatu, me za ta yi da wani? Zai ma kawo misalin waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta mamaye ko'ina a 2020 lokacin kullen korona, saboda mata sun riƙa ɗaukar bidiyo suna rawa da ita a gaban mazajensu, ba don wani ofis ya tsara ba. Gaskiya ne, kuma babu ƙwararren da zai iya yin alkawarin irin wannan farin jini. Duk wanda ya yi maka shi, riƙe kuɗinka. Sai dai wayar da ta ba tauraro baki ita ce ta cire masa birki. A da, tsakanin fushin jarumi da kunnen jama'a akwai ɗan jarida da edita da kwanaki kafin mujalla ta fito. Yau daƙiƙa goma ce, kuma magana zarar bunu ce, ko ka goge wani ya riga ya ɗauki hotonta. Abin da ya sami jaruma Rahama Sadau a Nuwamban 2020 ya nuna cewa ba ma sai kai ka yi maganar ba: hotuna ta saka, wani ya rubuta kalaman ɓatanci a ƙarƙashinsu, wutar ta kama ta, sai da ta fito ta nesanta kanta ta ba da haƙuri. Ban da haka, mabiya masoyanka ne tun asali. Kamfanin sadarwa da zai ba ka jakadanci, ko ƙungiyar da za ta ɗauki nauyin fim ɗinka, ko masu bikin baje kolin finafinai na ƙasar waje, suna bincika abin da wasu suka rubuta a kanka ne, domin kowa ya san abin da mutum zai faɗa game da kansa.

Na biyu ya fi nauyi a wurin mai tsoron Allah. Zai ce, wannan ai sana'ar gyara ƙarya ce, a biya ka ka wanke mai laifi. Ba za a musa cewa akwai masu yin haka ba. A Ingila an yi Max Clifford, wanda ya yi suna wajen ƙirƙirar labarai yana sayar wa jaridu. An yi kamfanin Bell Pottinger, wanda ya yi wa iyalan Gupta aiki a Afirka ta Kudu ta hanyar rura wutar bambancin launin fata. Da asiri ya tonu a 2017, ƙungiyar masu sana'ar ta kore shi, abokan hulɗa suka watse, ya durƙushe cikin 'yan kwanaki. Wannan ƙarshen shi ne amsar. Ramin ƙarya ƙurarre ne ga kowa, amma ga mai wannan aiki ya fi gajarta, domin da 'yan jaridar nan guda ashirin ko talatin zai yi ta hulɗa har ya tsufa, kuma wanda ka sa ya buga ƙarya sau ɗaya ba zai sake ɗaukar wayarka ba. Tun 1906, lokacin da jirgin ƙasa ya faɗa ruwa a Atlantic City mutum fiye da hamsin suka mutu, wani mai wannan sana'a, Ivy Lee, ya shawo kan kamfanin jirgin ya fitar da bayani da kansa, ya kuma kai 'yan jarida wurin, aka gane cewa faɗin gaskiya da wuri shi ne dabara mafi riba. Shi kansa Lee daga baya an kama shi da yaɗa bayanan da ba daidai ba a rikicin ma'aikatan haƙar kwal na Colorado, kuma tabon bai bar sunansa ba har yau. A aikace, idan magana ta tashi, ƙwararre yakan fara da roƙon maigidansa ya ajiye waya. Sannan ya rufe ƙofa ya tambaye shi: abin nan ya faru ko bai faru ba, wa kuma yake da shaida? Idan ƙazafi ne, a fitar da hujja a taƙaice, a bar lauya ya yi sauran. Idan gaskiya ne, a ba da haƙuri sau ɗaya, ba tare da “amma” ba, a kuma je wurin wanda aka ɓata wa kafin a je gaban kyamara. Rufa asirin mutum dabam, shaidar zur dabam, kuma addininmu ya san bambancin.

Akwai masu cewa duk wannan dogon Turanci ne, a ƙasar nan ambulan ke sa labari ya fito. Kowa ya san ana ba da na goro bayan taron manema labarai, kuma masu manyan shafuka suna da farashin saka sanarwa. Idan ka sayi fili, ka kira shi talla, ka rubuta shi a lissafin maigidanka da sunan talla. Hakan halal ne, har ma akwai hukumar ARCON da dokar 2022 ta ɗora wa sa ido a kansa. Amma wanda duk iyawarsa raba ambulan ce, ɗan aike ne, kuma ranar da jarumin ya samu lambar wayar mai shafin, aikinsa ya ƙare. Kafofin da suka fi daraja a kunnen Bahaushe, irin su sassan Hausa na BBC da DW da RFI, ba a shiga shirye-shiryensu da kuɗi. Ana shiga ne da labari mai kyau da baƙon da zai zo a kan lokaci.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi, kuma ba zan yi kamar na rushe ta ba. Furodusan da ke fama da biyan 'yan wasa daga abin da YouTube ke turowa ba zai ware wani kaso ga mai rubuta sanarwa ba, kuma manyan jaruman da za su iya biya sun saba da samun wannan hidima kyauta daga masoya. Wanda ya ajiye aikinsa yau ya buɗe ofis yana jiran taurari, yunwa za ta kore shi. Amma wannan ma dalili ne na cin gashin kai, domin abin da mutum ɗaya ba zai iya biya ba, mutum shida za su iya. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da masu tasowa, mawaƙin da bai kai ko'ina ba, marubuciyar da ta fitar da littafi, mai wasan barkwanci, mai shirya bikin baje koli, a yi musu aiki na ƙayyadadden lokaci da ƙayyadadden farashi, a adana shaidar kowace hira da kowane shafi da aka samu. Wannan kundin shi ne takardar shaidar da babban jarumi zai duba gobe. Sannan a nemi abin da yaron gida ba zai iya ba. Masu kallon finafinan Hausa suna Maraɗi da Damagaram da Yamai, suna zangon Kumasi da Nima ta Accra, suna Garwa da Marwa. Wanda ya san masu gidajen rediyon waɗannan garuruwa, ya kuma iya rubuta sanarwa da Faransanci, yana da hajar da ba kowa ke da ita ba. Haka wanda zai iya haɗa Kano da Legas, inda kamfanonin da ke da kuɗin talla suke. Kuma fagen a buɗe yake ga mata musamman, tunda jarumai mata ne guguwa ta fi kaɗawa, kuma akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko da shi ne mai kare ta.

Sauran abin da ya rage shi ne takarda, wadda ita ce iyaka tsakanin sana'a da barantaka. A yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, a buɗe asusun banki da sunan. A sani kuma cewa Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, NIPR, wadda aka kafa a 1963, doka mai lamba 16 ta 1990 ta ba ta ikon yi wa masu wannan aiki rajista, don haka neman shaidarta ba ado ba ne. Karatun aikin jarida a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello yana taimakawa, amma shekara biyu a ɗakin labarai na gidan rediyo ta fi koya wa mutum abin da edita ke jefawa a kwandon shara. Sai yarjejeniya da wanda za a yi wa aiki, a rubuce, ko da shafi biyu ce: nawa za a biya a wata, wata nawa, wa ke da ikon amincewa da sanarwa kafin ta fita, da sharaɗin cewa ba za a ɓoye wa mai aikin gaskiya ba idan rigima ta taso. A kuma rubuta abin da zai faru ranar rabuwa, domin a nan ne aka fi samun ɓaraka. Mai wannan aiki yana riƙe da lambobin sirrin shafukan maigidansa, ya ga saƙonninsa, ya san bashin da ake binsa da auren da ke tangal-tangal. Yarjejeniyar ta fayyace cewa shafukan na mai suna ne, za a mayar masa da su a rana kaza, abin da aka gani kuma ba zai fita ba ko an rabu baram-baram, shi kuma jarumin zai biya ragowar haƙƙin aiki kafin a miƙa masa makullin.